Wasiƙa ga Marubutan Labaran Sarauta da Yaƙi

'Yan'uwana marubuta,

Daga Tudun Wadar Zariya nake rubuto muku, unguwar da Kamfanin Gaskiya ya kafu tun 1945, inda Abubakar Imam ya yi aikin jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo. Don haka ku ɗauki wannan a matsayin maganar cikin gida. Ina karanta littattafanku na yaƙi, waɗanda ake bugawa da waɗanda ake turawa babi-babi ta WhatsApp, ina kuma kallon finafinan sarauta masu irin wannan zubi. Akwai mutum ɗaya da ba a rasa shi a cikinsu: basarake mai girman kai, wani lokaci Galadima, wani lokaci Waziri ko ƙanen sarki, wanda shi ke hura wutar rikicin gadon sarauta. A kansa nake son mu tattauna, domin a duk mutanen da kuke ƙirƙira shi kuka fi yi wa riƙon sakainar kashi.

Kun san yadda ake kawo shi. Da ya shigo fada sai tsawa da zare ido. Ya mari bafade, ya yi dariyar mugunta, ya shaida wa kowa, har mai riƙe masa doki, cewa shi ne sarkin gobe. Sai a wayi gari yana da runduna, ba a gaya mana abin da ya sa mutane suka bar gonakinsu da iyalinsu suka yarda su mutu a bayansa ba. Mai karatu ba yaro ba ne. Wanda ya taɓa tsayawa a ƙofar fada ranar hawan Sallah ya san mai irin wannan hali ba zai daɗe da rawani a kansa ba, balle ya raba ƙasa biyu.

Na san inda wasunku suka samo sha'awar. Shirin House of the Dragon da aka fara nunawa a 2022 ya ja hankalin matasa da yawa. To ku lura, George R. R. Martin, wanda aka ciro shirin daga littafinsa, tarihin ƙasar Ingila ya duba: rikicin ƙarni na 12 tsakanin Matilda da ɗan'uwanta Stephen a kan gadon Sarki Henry na Ɗaya. Dodanni masu aman wuta ƙari ne, ƙashin bayan labarin abin da ya faru ne a gaske. Idan za ku koyi wani abu daga gare shi, wannan ne abin koyo. Mu ma muna da namu, kuma bai yi nisa ba.

Ku dubi Basasar Kano. Sarki Abdullahi Maje Karofi ya rasu a 1882 ya bar 'ya'ya masu yawa. Ƙanensa Muhammadu Bello ya gaje shi, ya shiga tuɓe 'ya'yan yayansa da mutanensu daga sarautu, ya ɗaga ɗansa Tukur har ya zama Galadima. Da Bello ya rasu a ƙarshen 1893, Sarkin Musulmi Abdurrahman, wanda ake wa laƙabi da Ɗanyen Kasko, ya sa aka naɗa Tukur, wanda ya nuna jarumtaka a yaƙin Argungu. Wazirin Sakkwato Buhari yana Kano a lokacin, ya ga inda zukatan mutane suka karkata, amma umurni ya rinjayi shawara. Yusufu ɗan Abdullahi, wanda ya taɓa riƙe sarautar Galadima a zamanin mahaifinsa, ya fice da 'yan'uwansa da magoya bayansa zuwa Takai. Gari ya rabu, ga Tukurawa ga Yusufawa. Yusufu bai ga ƙarshen yaƙin ba, ya rasu a Garko a 1894, ƙanensa Aliyu Babba ya karɓi jagoranci, ya shiga birni a wannan shekarar. Tukur ya fita zuwa ƙasar Katsina, ya gamu da ajalinsa bayan gwabzawar Tafashiya a 1895.

Ku tsaya a kan wannan labari ku ga abin da ke cikinsa. Ba wanda ya ɗauki makami don yana jin kansa mugu. Tukur yana da naɗi daga Sakkwato, wanda a tsarin wancan zamani shi ne hujja. Yusufu yana da shekaru goma sha ɗaya na ƙorafin gidansu, da tarin mutanen da aka raba da rawunansu da garuruwansu. Kowa a cikinsu yana iya tsayawa gaban malami ya kare kansa. Wannan shi ne abu na farko da basaraken labarinku ya rasa: hujjar da shi kansa ya yi imani da ita. Ku ba shi ita. Ku sa a ce kakansa ne ya ci garin da yaƙi, ko an yi wa mahaifinsa alkawarin da aka saɓa, ko an tsallake shi an naɗa yaron da shi ya koya wa hawan doki. Daga nan girman kansa zai samu saiwa, mai karatu kuma zai ji tsoronsa da gaske, domin zai ga cewa a wani gefen mutumin yana da gaskiya.

Sannan ku tambayi kanku su wa ke cin abinci a gidansa. Basarake shi kaɗai ba ya yaƙi. Akwai barori da suka yi masa caffa, akwai dagatai da ke jiran ya hau su ma su hau, akwai malamin da ke yi masa addu'a, da attajirin da ya ba shi bashi. Akwai manyan bayin sarki irin su Shamaki da Ɗan Rimi da Sallama, waɗanda a Kano dawaki da makamai da sirrin gidan sarki suke hannunsu, kuma sun taka rawa babba a Basasa. Akwai cikin gida. Mahaifiyar Aliyu Babba 'yar wani Sarkin Musulmi ce mai suna Aliyu Babba shi ma, wannan dangantaka kuwa ba ƙaramin nauyi gare ta ba a lissafin wanda zai jagoranci Yusufawa. Uwa da jakadiya da uwar soro suna iya juya al'amarin da zauren fada ya kasa juyawa. Kuma ga abin da na ga kusan dukkanku kuna mantawa: mai girman kan da mutane ke bi yawanci mai kyauta ne. Yana raba dawaki da riguna, yana fanshi baransa daga bashi, yana tsaya wa nasa ko da nasa ne ba shi da gaskiya. Abin da ba ya iyawa shi ne sauraro. Ranar da dattijon da ya rene shi ya ce masa, "Ranka ya daɗe, a dakata," ya ƙi dakatawa, ranar yaƙin ya fara, ko da ba a zare takobi ba sai bayan shekara.

Game da yadda za ku nuna halin nasa, ku rage tsawa. Fada tana da harshenta, kuma raini a cikinta a hankali ake yinsa. Ya makara har sarki ya zauna. Ya aiko wakili ranar da ya kamata ya zo da ƙafarsa. Gaisuwar Sallah da ya saba aikowa ta ragu, kowa ya lura, ba wanda ya ce uffan. Ya bar maroƙansa su yi masa kirarin da ya fi ƙarfin rawaninsa, ko a busa masa kakaki alhali na sarki ne. Jakadan sarki ya iso garinsa da hantsi, ya bar shi a zaure har la'asar. Shafi ɗaya na irin wannan ya fi babi uku na zage-zage tayar da hankali.

Mu nan Zazzau muna da misalin da ya dace da wannan. Gidaje huɗu ke sarauta tun bayan jihadi: Mallawa, Barebari, Katsinawa da Sulluɓawa. Sidi Abdulƙadir na gidan Mallawa bai daɗe a kan gado ba Sakkwato ta tuɓe shi, bayan ya hana Wazirin Sakkwato shiga birnin Zariya. Ƙofa ɗaya da aka rufe ta ci sarauta. Amma gidan bai mutu ba: ɗansa Aliyu Ɗan Sidi ya yi sarauta daga 1903, Turawa suka tuɓe shi suka kai shi Lakwaja, Mallawa kuma suka yi jiran kusan shekara ɗari kafin naɗin Ahmad Nuhu Bamalli a 2020. Marubucin da ya fahimci irin wannan dogon jira ba zai rubuta rikicin sarautar da ya fara da safe ya ƙare da yamma ba.

Kada kuma ku kashe basaraken a shafin ƙarshe ku ce an gama. Wa ya biya kuɗin girman kansa? A yaƙin gida, garin da ya buɗe wa wannan ɓangare ƙofa yau, gobe ɗaya ɓangaren zai zo ya tambaye shi dalili. Rumbuna ne ake kwashewa, 'ya'yan talakawa ne ake kamawa, fatake ne ke sauya hanya. Ku ba mu manomi ɗaya, ko mace ɗaya da mijinta ya bi wannan ɗanta ya bi wancan, mu ga yaƙin da idonta. Ku tuna kuma shekara takwas kacal bayan Tafashiya, a Fabrairun 1903, Turawa suka ci Kano. Yayin da 'yan gida ɗaya ke cin junansu, akwai wanda ke tahowa daga nesa, labarinku ma yana bukatar irinsa.

Kayan aikin suna nan. Ga Labarun Hausawa da Maƙwabtansu. Akwai Kano Ta Dabo Cigari na Alhaji Abubakar Dokaji, da littafin Adamu Fika a kan Basasar Kano, da na M. G. Smith a kan mulkin Zazzau. Ku sake karanta Magana Jari Ce ku ga yadda Imam ya sa Wazirinsa ya ci amana da ladabi a bakinsa. Ku je wurin tsofaffin dogarai da makaɗan fada, sun san abin da ba a rubuta ba.

Roƙona na ƙarshe: jikokin Tukur da na Yusufu da na Sidi suna raye, muna sallah a sahu ɗaya da su. Ku ɗauki yadda al'amura suka gudana, ku ƙirƙiri ƙasarku da sunayenku da aljanunku in kuna so, amma kada ku ɗora wa mutumin gaske maganar da bai faɗa ba ko halin da ba ku tabbatar ba.

Wassalam.

Ɗan'uwanku a alƙalami,
Tudun Wada, Zariya.