Farfaɗiya: Dalilin Kai Matasa Asibitin Ƙwararru

Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa kusan kashi 70 cikin ɗari na masu farfaɗiya za su iya daina faɗuwa idan suka samu maganin da ya dace. Sai dai a karkararmu har yanzu ana ɓoye matashi mai wannan lalura, ana danganta ta da iskokai, har ya rasa karatu da aure. Farfaɗiya cutar ƙwaƙwalwa ce, ba a ɗaukarta ta yawu. Don haka muna kira ga iyaye da masu unguwanni da su nemi takardar turawa daga asibitin yankinsu zuwa Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano domin gwaji. Kada a yanke shan magani sai da izinin likita.