Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Shugaban Hukumar SUBEB Ta Jihar Kano Kan Sanar Da Iyaye Labarin Makaranta



Ranka ya daɗe, na rubuto ne a matsayina na uba mai 'ya'ya a firamaren gwamnati. Tun da aka ayyana dokar ta-ɓaci kan ilimi a jihar nan a watan Yunin 2024, ana ta maganar gyaran ajujuwa, da kujeru, da ɗaukar malamai. Duk wannan abin so ne, Allah Ya ba da ikon cikawa. Sai dai akwai wani gyara da ba ya bukatar siminti ko kwano, kuma ban ji ana ambatonsa ba: hanyar da labarin makaranta yake bi ya isa gida.

Ga yadda abin yake a yawancin makarantunmu. Hedimasta zai tsaya a asambili gaban ɗaruruwan yara, ba lasifika, na layin baya ba sa ko jin sa, ya yi sanarwa ya rufe da cewa ku gaya wa iyayenku. Shi ke nan, an ɗora amanar hukuma a kan yaro ɗan shekara shida. Kafin a tashi ya manta rabi, ragowar kuma ta zube a wajen mai awara. Ya shigo gida ya ce, Umma, an ce gobe ba makaranta. Yayarsa ta aji huɗu ta ce a'a, jibi aka ce. Uwa ta leƙa ta katanga ta tambayi maƙwabciya, ita kuma nata ɗan cewa ya yi a kawo ɗari biyu. In an yi sa'a aka ba da takarda, da Turanci aka buga ta, uba ya ninke ta ya sa a aljihu har sai ya haɗu da wanda zai karanta masa, wani lokaci bayan ranar taron da aka kira a cikinta ta wuce. Daga nan kuma sai a ce iyaye ba su damu da karatun 'ya'yansu ba.

Wannan zargi yana ƙona mini rai, domin dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ɗora wa uba nauyi mai hukunci. Wanda ya ƙi sa ɗansa a makaranta, karon farko a ja masa kunne, karo na biyu tarar naira 2,000 ko ɗaurin wata guda, in ya sake kuma naira 5,000 ko wata biyu. To, wanda doka ta ɗaure haka, ai yana da haƙƙin a gaya masa ranar komawa, da ranar jarrabawa, da abin da ɗansa yake ciki, cikin harshen da yake ji. Dokar nan dai ita ce ta ce karatun firamare da ƙaramar sakandare kyauta ne, har ta tanadi tarar da ta kai naira 10,000 ko ɗaurin wata uku ga mai karɓar kuɗi. A 2019 ma gwamnatin jiha ta sake shelanta ilimi kyauta kuma dole. Amma uba nawa ne ya san iyakar wannan kyautar? Yau kuɗin jarrabawa, gobe kuɗin tsintsiya, jibi kuɗin PTA, duk ta bakin yaro, ba rasit. Wani kuɗin iyaye ne da kansu suka amince da shi a taro don a gyara banɗaki ko a biya mai gadi. Wani kuwa ba wanda ya san inda ya nufa. Da yake ba a rubuce suke ba, malamin kirki da maciyin amana duk kallo ɗaya ake yi musu, kuma wannan zalunci ne ga malaman da ke sayen alli daga aljihunsu.

Inda shirun ya fi haɗari shi ne batun lafiya. Mu Kanawa mun ɗanɗana kuɗar jita-jita. A 2003 aka dakatar da rigakafin shan inna a jihar nan saboda tsoron da ya cika gari, ba a dawo da shi ba sai 2004, bayan cutar ta bazu, kuma sai da sarakuna da malamai suka shiga gida-gida da bayani kafin hankali ya kwanta. Ba a ayyana Afirka a matsayin wadda ta rabu da cutar ba sai a Agustan 2020. A 2023 mashaƙo ya fi yi wa Kano ɓarna fiye da kowace jiha, kuma yara ya fi kamawa. A Oktoban shekarar ne aka fara rigakafin sankarar bakin mahaifa ga 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14, 'yan aji huɗu zuwa sama ke nan. Duk da wannan tarihi, har yanzu ma'aikatan lafiya kan iso makaranta da akwatin sanyi alhali iyaye ba su da labari. Yarinya ta dawo tana riƙe da dantse ta ce an yi mana allura. Ta mece ce? Ba ta sani ba. Kafin la'asar saƙon murya ya zaga wayoyin unguwa da bayanin da wani ya ƙirƙira, washegari aji ya zama kango. Da an sanar mako guda kafin ranar, an faɗi sunan allurar da amfaninta da wanda ya turo ta, da mafi yawan iyaye da kansu za su rako 'ya'yansu.

Sai batun tsaro. Da aka sace ɗalibai a Kuriga ta ƙaramar hukumar Chikun a Jihar Kaduna ranar 7 ga Maris 2024, an fara cewa yara 287 ne, daga baya gwamnatin jihar ta ce 137 ne. Ina roƙon Allah Ya tsare mu da irin wannan rana. Amma ko gobara ce, ko ambaliya, ko hargitsi a gari, ya kamata kowane hedimasta ya iya buɗe rajista ya ga wa ya zo yau, ɗan wane ne, wace lamba za a kira.

Shawarata, ranka ya daɗe, ita ce hukumarka ta fitar da umarni ga sakatarorin ilimi na ƙananan hukumomi 44 cewa kowace makaranta ta ba iyaye takarda guda a makon farko na kowane zango, da Hausa. Ta ƙunshi ranar buɗewa da rufewa, da ranakun jarrabawa, da ranar taron iyaye, da abin da gwamnati ta ɗauke, da duk wani kuɗin da aka amince a karɓa tare da sunan kwamitin da ya amince. A buga ta da boko a gaba, da ajami a baya. Kada a raina ajamin nan: akwai dattawa da mata da yawa da ba su zauna a ajin boko ba, amma in ka miƙa musu rubutun allo za su karance shi tsaf. A kuma manna kwafi a ƙofar makaranta inda mai wucewa zai gani.

Takarda kaɗai ba za ta wadatar ba. WhatsApp yana da amfani a cikin birni, musamman saƙon murya, sai dai gidaje da yawa ƙaramar waya ce a hannunsu, kuma tana aljihun maigida a kasuwa tun safe. Wadda ke tashin yaro, ta yi masa wanka, ta san ya tafi ko bai tafi ba, tana cikin gida. Duk tsarin sanarwar da bai isa ga uwa ba, bai isa ko'ina ba. Hanyoyin isa gare ta kuwa muna da su tun kaka da kakanni: mai unguwa da mai shelarsa, liman bayan sallar Magariba, malamar Islamiyyar matan aure. Kwamitocin SBMC da aka kafa don haɗa makaranta da al'umma suna da wakilan mata da na masu unguwanni a cikinsu. A ba su wannan aiki a rubuce, a riƙa tambayarsu a kai. Ga kuma rediyo, wanda ba gidan da ba ya shiga. Lokacin da korona ta rufe makarantu a 2020 ta rediyo aka riƙa ba yara darasi. Me zai hana hukumarka ta karɓi minti goma duk mako a Rediyon Kano, ta kuma nemi haɗin kan su Freedom da Rahma, a karanta sanarwar makarantu a amsa tambayoyin iyaye?

Ina kuma roƙon kada labarin ya tsaya kan kuɗi da laifi. Wani uban bai taɓa jin kira daga makaranta ba sai ranar da ɗansa ya yi faɗa. A gaya masa tun tsakiyar zango cewa yaron nan yana aji uku bai iya haɗa baƙi ba, tun ana iya gyarawa. In yarinya ta yi kwana uku ba ta zo ba, a aika gida a ji ko lafiya, domin daga irin wannan fashin ne talla ke cinye karatu. Iyayen 'yan aji shida kuma a sanar da su ranar rajistar jarrabawar shiga sakandare da takardun da ake bukata, irin su takardar haihuwa, tun da sauran lokaci.

Abu guda nake jin tsoro: kada a mayar da wannan wani sabon kaya a kan malamin da ke fama da aji mai cike maƙil. Kuɗin buga takarda da na katin waya su fito daga hukuma, a ware su a kasafi, kuma jami'an duba makarantu su riƙa tambayar iyaye kai tsaye ko saƙo ya iso su.

Ranka ya daɗe, wannan umarni ne da sa hannunka kaɗai ya isa ya tabbatar da shi. Ina roƙonka ka fitar da shi kafin a buɗe zango mai zuwa. Allah Ya taya ka riƙo.

Wassalam.

Naka,
Wani uba daga cikin birnin Kano.