Wasiƙa Daga Greensboro: Su Suna Ba Makaɗi Kambu, Mu Muna Kiransa Maroƙi

Yau ba zan yi maganar sanyi ko tsadar rayuwa ba, wani abu ne na gani wanda ya tsaya mini a rai, kuma na san wasu ba za su ji daɗin abin da zan faɗa ba, sai dai a yi haƙuri.

Maƙwabcina Ba'amurke ne ya roƙe ni in raka shi wani gari, domin 'yarsa mai shekara goma sha uku za ta shiga gasar kaɗa jita. Ba irin jitar masu tsalle da ihu ba, a'a, wadda ake zama a kan kujera a kaɗa tsirkiyoyinta shida da yatsu. Alƙalai uku suna zaune da takardu, ɗaki tsit ko tari ba a yi, yara suna shigowa ɗaya bayan ɗaya. Yarinyar ba ta ci komai ba. Amma alƙalan sun ba ta takarda sun rubuta inda ta yi daidai da inda hannunta ya yi nauyi, uban kuwa ya karɓe ta kamar takardar digiri.

Da na bincika sai na ga ashe tsani ne aka kafa tun daga ƙasa. Akwai ƙungiyar Guitar Foundation of America da aka kafa a 1973, tana shirya gasar yara rukuni biyu, 'yan shekara 14 zuwa ƙasa da kuma 'yan 15 zuwa 18, sannan da babbar gasa ta ƙwararru, wadda gwarzonta kan samu kuɗi da faifai da zagayen wasa gari-gari. Jason Vieaux ya ci wannan babbar gasa a 1992 yana da shekara 19, ya karɓi lambar Grammy a 2015, kuma ya koyar da matasa a nan Greensboro, a bikin Eastern Music Festival da a baya aka daɗe ana yi a Kwalejin Guilford.

To ya ɗan'uwa, tambayata ita ce: ina namu tsanin? Marigayi Ɗan Maraya Jos da tsirkiya ɗaya tak ta kuntigi, abin da ake haɗawa da gwangwani da fata, ya zaga duniya. Ya rasu a 2015. Ka faɗa mini yaro nawa ka sani da ke koyon kuntigi yau. Haka gurmin Haruna Uji, haka kukumar Ahmadu Doka da Hassan Wayam. Muna saka kaset ɗinsu muna girgiza kai muna cewa an yi mutane, amma da ɗanka zai ɗauki gurmi ya ce sana'ar da yake so ke nan, wallahi da sai an kira taron dangi. Ranar biki mu ne masu liƙi, ranar neman aure kuwa mu ne masu cewa ai gidan maroƙa ne. Wannan ba kunya ba ce, munafunci ne.

Abin da ya ƙara ƙona mini rai shi ne, kayanmu ma a nan ake girmama su. Banjo, da Amurkawa ke alfahari da shi, bayin da aka kwaso daga Afirka ne suka ƙera shi da duma da fata, ɗan'uwan gurmi da molo ne. Rhiannon Giddens, 'yar asalin wannan gari, da shi ta yi suna, kuma a 2023 ita da Michael Abels suka karɓi lambar Pulitzer saboda wasan waƙa da suka tsara kan Umar ibn Sa'id, malamin Futa Toro da aka bautar a wannan jiha, wanda ya rubuta tarihinsa da Larabci a 1831.

Na san wani zai ce kiɗa roƙo ne. Na ji, amma wa ya mai da shi roƙo? Mutumin da ba shi da makaranta, ba shi da gasa, ba shi da ɗakin wasa da za a biya kuɗin shiga, ina zai ci abinci in ba a ƙofar mai kuɗi ba? Mu muka toshe masa hanya sannan muke masa gori. Wani kuma zai kawo batun addini. Malamai sun yi saɓani a kai, ni ba malami ba ne, wanda ya ƙaurace wa kiɗa gaba ɗaya ina girmama shi. Da wanda nake faɗa shi ne mai sauraro da dare, mai zagi da rana.

Kuma kada a ce ba mu iya shirya gasa ba. Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato tana jagorantar musabaƙar Alƙur'ani ta ƙasa tun 1986, BBC Hausa ta fara gasar Hikayata a 2016 ta fito da mata marubuta da dama. Jami'ar Ahmadu Bello ta ba Mamman Shata digirin girmamawa a 1988, abin a yaba ne, sai dai girmama dattijo daban, rainon yaro daban.

Ba wani abu mai tsada nake nema ba. Gidan rediyo guda a Kano ko Katsina ko Maraɗi ya sa gasar shekara-shekara ta gurmi da garaya da kukuma da kuntigi ga 'yan ƙasa da shekara 18. Tsofaffin makaɗa su zama alƙalai, a biya su. A hana kirarin kowa a filin, a duba hannu da kunne kawai. Kyautar ta zama kuɗin makaranta, domin uban yaro ya ga ɗansa bai lalace ba.

In ba mu yi ba, wata rana jikokinmu sai sun nemi biza kafin su ga kuntigi, a cikin gilashi a gidan tarihin Turawa.

Allah Ya sa mu gane. Sai wasiƙa ta gaba, a gaida mutanen gida.