Mikin Kyanwa: Na Gida Da Na Asibiti

Ranar Larabar da ta gabata na tashi daga Samaru zuwa Sabon Gari domin gaida Gwaggona, mai sayar da hatsi. Na tarar da ita riƙe da ƙwayar farasitamol, tana neman dabarar ɗura wa muzurunta, wanda ya shekara huɗu yana tsare mata buhunan masara daga ɓeraye. Kwana uku ke nan da ya yi faɗa da wani muzuru. Kuncinsa ya kumbura, ya kuma ƙi abinci.

Na ce, "Gwaggo, don Allah ki dakata." Ta ce, "Kai ɗan nan, kyanwa ma sai asibiti? Mu kanmu kemis muke zuwa."

Ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Hantar kyanwa ba ta iya sarrafa farasitamol kamar tamu. Ƙwaya ɗaya tana iya kashe ta. Baƙin mai da Dettol da wasu ke shafawa su ma guba ne, domin kyanwa takan lashe duk abin da ke jikinta.

Ba ina cewa kowane rauni sai likita ba. Idan ƙarcewa ce a saman fata, jini ya tsaya, kyanwar tana ci tana yawo, gida ya wadatar. A tafasa ruwa rabin lita, a zuba gishiri ƙaramin cokali, a bari ya huce, a riƙa wankewa safe da yamma. A kare mikin daga ƙuda, musamman da damina, kada ya yi tsutsa.

Amma cizo daban ne. Haƙorin kyanwa tamkar allura yake: yakan cusa ƙwayoyin cuta can ciki, bakin ramin ya rufe, bayan kwana biyu zuwa huɗu mugunya ta taru. Saboda haka kumburi, ko wari, ko miki mai buɗaɗɗen baki, ko jinin da ya ƙi tsayawa bayan an danne minti 10, ko rauni a ido, ƙirji ko ciki, ko ƙin abinci yini guda, duk na likita ne. Idan kuwa kare ne ya cije ta, lamarin ya shafi 'ya'yanmu, domin kyanwa tana ɗaukar cutar haukar kare, tana kuma yaɗa ta. Wanda ta ciza ya wanke wurin da sabulu tsawon minti 15, ya garzaya asibiti.

A kwali muka ɗauko muzurun cikin Keke Napep zuwa Asibitin Koyarwa na Dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello. Aka tsaga kumburin, aka wanke, aka yi masa allura. Da yawa daga cikinmu sun ɗauka asibitin na shanu da dawakai ne kawai, alhali ga shi a ƙofar gidanmu.

Da muke komawa, Gwaggo ta yi lissafin abin da ɓeraye za su ci mata a wata guda, ta yi shiru. Ni kuwa ina ganin ko babu lissafin, dabbar da ka ajiye tana da haƙƙi a kanka.