Guggurun Sinima Aikin Tukunyar Gida Ne

Duk wanda ya taɓa shiga gidan sinima na zamani ya san ƙamshin gugguru ne ke fara tarbarsa tun kafin ya yi ido biyu da allon kallo. A Najeriya mai sukari ya fi yawa, amma wanda ya yi suna a duniya shi ne na sinimomin Amurka: rawaya, mai gishiri, mai ƙamshin bota, wanda ke ƙaras-ƙaras a baki har ƙwayar ƙarshe. Mutane da dama sun gwada yin irinsa a gida. Sun sayo masara, sun narka bota, sun yayyafa gishiri, sai abin ya fito da sanyi kamar an jiƙa shi, gishirin ya tare a gindin kwano, wasu ƙwayoyin kuma suka ƙi fashewa. Daga nan sai a yanke hukunci cewa sirrin yana cikin injin sinima, ko cikin wani sinadari da sai an yo odarsa daga waje.

Wannan hukunci kuskure ne, kuma kuskure ne mai cin kuɗi. Abubuwa uku ke yin guggurun sinima: man da aka soya shi da shi, laushin gishirin da lokacin zuba shi, da kuma hanyar da aka bar wa tururi ya fice. Dukkansu suna hannun mai tukunya da murhu. Wanda ya fahimce su ba ya bukatar kwaikwayon sinima ƙafa da ƙafa, domin wani ɓangare na abin da ake sayarwa a can an tsara shi ne don ribar mai gidan kallo.

Tarihin haɗuwar gugguru da sinima shi ke nuna haka. A shekarar 1885 wani ɗan kasuwa a birnin Shikago, Charles Cretors, ya fara ƙera injinan gasa gyaɗa masu aiki da tururi, ya kuma inganta su har suka iya fasa masara cikin mai. Ya baje kolin injinsa a babban bikin nune-nunen duniya da aka yi a birnin a 1893, daga nan gugguru ya zama abin talla a kan titi da wuraren wasanni. Masu gidajen sinima na farko ba su so shi ba. Sun shimfiɗa darduma masu tsada, suna neman 'yan kallo masu hannu da shuni, ba sa son ɓawon masara a ƙasa ko ƙarar tauna a lokacin da fim bai da murya. Abubuwa biyu suka sauya ra'ayinsu. A 1927 fim mai magana ya bayyana, wanda bai iya karanta rubutun kan allo ba shi ma ya samu shiga. A 1929 kuma tattalin arzikin Amurka ya karye, ƙunshin gugguru na santi 5 zuwa 10 ya zama ɗan jin daɗin da talaka ke iya saya. Masu sinima suka ga 'yan talla na kwasar kuɗi a bakin ƙofarsu, suka fara ba su hayar zaure, daga baya suka karɓe sana'ar baki ɗaya. Da aka taƙaita sayar da sukari a Amurka a 1942 saboda Yaƙin Duniya na Biyu, alewa ta yi wuya, gugguru mai gishiri ya cike gurbin.

Har yau lissafin bai sauya ba. Kuɗin tikiti ana raba shi ne da kamfanonin da suka mallaki fim, amma kuɗin gugguru da lemo na mai sinima ne shi kaɗai. Wani nazari da Wesley Hartmann na Jami'ar Stanford da Ricard Gil suka yi ya nuna cewa a lokacin da aka yi shi kayan ciye-ciye kusan kashi 20 cikin ɗari ne na kuɗin shigar gidajen sinima, amma su ne suka kawo kusan kashi 40 na ribarsu. Mai irin wannan ciniki yana da dalilin cika gishiri, tunda ƙishirwa ke sayar da lemo. Yana da dalilin yin babban ƙunshi, tunda masarar ba ta da tsada. Yana kuma da dalilin neman launin bota ba tare da biyan kuɗin bota ba.

A nan ne mutane da yawa ke shan mamaki. A galibin manyan sinimomin Amurka babu bota a cikin guggurun. Sau da yawa ana soya shi da man kwakwa wanda aka rina da sinadarin karotin, wato abin da ke ba karas da manja launinsu. Ana zuba wani garin gishiri mai suna Flavacol, na kamfanin Gold Medal da ke jihar Ohayo, wanda ya ƙunshi gishiri mai laushin gaske, ƙamshin bota na haɗi, da rini rawaya. Ruwan man da ake kwarara wa a sama kuwa yawanci man waken suya ne da aka sa wa ƙamshi. Don haka wanda ya biya dala ya yo odar wannan gari, gishiri da rini ya saya, ya kuma biya musu kuɗin jirgi.

Abin da ya cancanci a koya daga sinima shi ne dabarar, kuma dabarar tana farawa daga ƙwayar. Masarar gugguru iri ce ta daban, mai ɓawo mai tauri wanda ba ya barin tururi ya fita. Masarar tuwo ba ta da irin wannan ɓawo, shi ya sa ko an soya ta sai dai ta tsage ta ƙone. A cikin ƙwayar akwai sitaci da ɗan ruwa, kimanin kashi 14 cikin ɗari. Idan zafi ya ratsa ta, ruwan yana neman zama tururi ya rasa mafita, sitacin ya narke, matsin ya yi ta ƙaruwa har ɓawon ya fashe, narkakken sitacin ya kumbura ya bushe nan take. Masana kimiyya biyu 'yan Faransa, Emmanuel Virot da Alexandre Ponomarenko, sun wallafa gwajinsu a 2015: a zafin digiri 170 na ma'aunin Salsiyas kashi 34 cikin ɗari na ƙwayoyin ne suka fashe, a digiri 180 kuwa kashi 96.

Wannan bayani ya warware matsaloli biyu na mai yin gugguru a gida. Ta farko, ƙwayar da ta bushe fiye da ƙima ba ta fashewa, saboda babu isasshen ruwan da zai zama tururi. A ƙasar da iskar hunturu ke busar da komai har leɓe ya tsage, masarar da aka bari a buɗaɗɗiyar leda tun watan Disamba ba za ta yi kyau a Fabrairu ba. Maganinta kwalba mai murfi mai kamawa. Idan ta riga ta bushe, a zuba ta a kwalba mai cin lita ɗaya, a sa babban cokali ɗaya na ruwa, a girgiza, a rufe, a bar ta kwana biyu ko uku. Ta biyu, man da za a yi amfani da shi dole ya jure zafin da ya haura digiri 180 ba tare da ya ƙone ba. Bota ba ta jurewa. Kusan kashi ɗaya cikin shida na nauyinta ruwa ne, sannan akwai burbushin madara da ke ƙonewa da wuri. Ruwan nan shi ke sanyaya gugguru idan aka kwarara narkakkiyar bota a kansa.

Masu girki a Turai da Amurka suna magance wannan ta hanyar dafa bota har ruwanta ya ƙone, su tace. Matan Hausawa sun daɗe suna yin haka ba tare da wani ya koya musu daga littafi ba. Man shanun da ake saya wurin Fulani masu tallan nono, a wanke shi, a soya har kumfar ta kwanta, a tace a zuba a kwalba, shi ne ainihin man da ƙamshin haɗin sinima ke ƙoƙarin kwaikwaya. Abin da kawai za a sauya shi ne a bar albasar da ake sa wa na miya. Gidan da ke da soyayyen man shanu a kicin, mai gidan kuma yana neman ƙamshin bota na roba a intanet, shi ne kazar da ta kwana a kan dami da yunwa saboda rashin sani. Man gyaɗa ma yana jure zafi, ɗanɗanonsa kuma yana tafiya da masara.

Saura gishiri. Gishirin da ake sa wa miya ƙwayoyinsa manya ne, ba sa manne wa busasshen gugguru, sai su gangara ƙasa. A daka shi a turmi ko a niƙa shi a injin markaɗe har ya yi laushi kamar garin alkama. A sinima ana zuba shi ne cikin mai tare da masarar kafin ta fara fashewa, ta yadda kowace ƙwaya za ta buɗe cikin mai mai gishiri. Wannan ne ya sa ɗanɗanon can yake bai ɗaya daga saman ƙunshi har ƙasa.

Yadda ake haɗa su ba shi da wuya. A samu tukunya mai kaurin gindi mai faɗi, a zuba babban cokali uku na man gyaɗa ko man kwakwa, a ɗora a matsakaiciyar wuta, a jefa ƙwaya uku a rufe. Idan sun fashe, man ya kai. Sai a zuba rabin kofi na masara, kimanin giram 100, da rabin ƙaramin cokali na dakakken gishiri. Mai son launin rawaya ya ƙara ɗan kurkum kaɗan, wanda bai kai ya sauya ɗanɗano ba. A juya, a rufe, amma a ɗan karkata murfin. Wannan karkatawa ita ce abu na uku. Tukunyar injin sinima murfinta yana ɗagawa da kansa, gugguru ya zubo cikin akwatin gilashi mai ɗumi inda tururi ke tashi ya bar shi. A tukunyar gida da aka rufe ruf, tururin yana komawa ruwa a jikin murfi ya ɗigo a kan abin da aka soya. A riƙa girgiza tukunyar lokaci zuwa lokaci. Da zarar tazarar da ke tsakanin fashewa ta kai daƙiƙa biyu zuwa uku, a sauke a juye cikin babban faranti nan take. Sannan a zuba cokali ɗaya ko biyu na narkakken man shanu a hankali ana juyawa. Wanda ya fi son irin na gida Najeriya sai ya rage gishirin, ya zuba cokali biyu ko uku na sukari tare da masarar, ya kuma ninka girgizawa, domin sukari ba ya jira kafin ya ƙone.

Akwai masu cewa duk da haka ba zai zama ɗaya da na sinima ba, kuma suna da gaskiya ta fuska biyu. Man kwakwa yana da ɗanɗanonsa, man gyaɗa ba zai ba da shi ba, don haka mai neman ainihin wancan ɗanɗano sai ya nemi man kwakwa. Sannan wani ɓangare na daɗin abin yana cikin wurin ne: duhun zaure, girman allo, fitar da aka yi da iyali. Tukunya ba ta dafa wannan.

Sai dai abin da gida ke bayarwa a madadin haka ya fi nauyi. A 1994 wata cibiyar kare masu sayen abinci a Amurka, Center for Science in the Public Interest, ta auna guggurun sinimomi ta gano cewa matsakaicin ƙunshi na ɗauke da giram 37 na kitse mai daskarewa, irin wanda likitoci ke dangantawa da toshewar jijiyoyin jini. Fiye da kashi 80 cikin ɗari na man kwakwa irin wannan kitse ne, a man gyaɗa kuwa kusan kashi ɗaya cikin biyar ne. Man shanu ma ba a wanke shi daga wannan zargi ba, amma mai riƙe da cokali shi ke yanke adadin. Haka batun gishiri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada baligi ya kai giram 5 a yini. Rabin ƙaramin cokali kusan giram 3 ne, kuma idan mutum huɗu suka raba faranti, kowa bai kai giram ɗaya ba. A gidajen da hawan jini ya zama baƙon da ya ƙi tafiya, wannan ikon aunawa ba ƙaramin abu ba ne. Masarar kanta hatsi ce cikakkiya da dusarta, abin da aka ɗora mata ne ke mayar da ita matsala. Gargaɗi ɗaya ne ba ya sauyawa ko a gida ko a sinima: likitocin yara na hana ba wa yaron da bai kai shekara 4 ba gugguru, saboda yana iya shaƙe shi.

Yaron da ya tashi yana ganin ana fasa masara a tukunyar gidansu, yana jin ƙarar tana ƙaruwa tana raguwa, yana koyon cewa abin marmari ma ana yin sa ne da hannu, kuma ana iya sanin abin da ke cikinsa. Idan ya girma ya tsaya a layin sinima aka faɗa masa kuɗin ƙunshi ɗaya, zai iya biya don nishaɗi in ya ga dama, amma zai biya ne yana sane da cewa rabin kofin masara, cokali uku na mai da ɗan gishiri ne a hannunsa.