Keke Mai Injin Lantarki: A Yi Doka Tun Ba A Yi Makoki Ba

Daga Wakilinmu na Arewa, Abuja

Tun ran 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya ce an janye tallafin man fetur, talaka ke ta neman hanyar zuwa wurin aiki ba tare da kuɗin mota ya cinye masa albashi ba. A nan Abuja abin ya fi ciwo, don kuwa yawancin ƙananan ma'aikata da leburori a Nyanya, Kubwa, Lugbe da Mararaba suke kwana, su yi sammako su shigo birni. Acaɓa kuwa an hana shi a tsakiyar birnin tun 2006, zamanin Malam Nasiru El-Rufa'i yana Minista. To, cikin dabarun da ake tunani akwai wata wadda ya kamata mu ja kunnen jama'a a kanta, watau ɗaura wa keke injin lantarki mai ƙarfi.

Ga yadda abin yake. Akan sayo wili mai inji a cibiyarsa, da batir, da totur. Mai gyara ya kwance wilin keken ya ɗaura wannan, ya ɗaure batir a jikin bodi, shi ke nan. Inji mai ƙarfin wat 1,000 yana iya kai mutum gudun kilomita 45 ko fiye a awa guda, ba tare da ya taka feda ba.

Mu dai ba mu ƙi keke ba, ba mu kuma ƙi lantarki ba. Amma fa a tuna, keken da muka gada, irin su Raleigh da Phoenix, don ƙarfin ƙafar mutum aka ƙera shi. Birkinsa 'yar roba ce mai matse bakin wili. Masana sun tabbatar cewa in gudu ya ninka sau biyu, nisan da za a ci kafin birki ya tsayar da mutum yakan ninka sau huɗu. Har wa yau ƙarfin injin yana iya buɗe ƙarfen da ke riƙe da wilin gaba, wili ya fice ana tsakiyar gudu. Ashe wannan abu babur ne a wajen gudu, keke ne a wajen birki, ga shi ba lamba, ba lasin, ba hular kwano.

Titunan Abuja ma ba su da sauƙi ga mai keke. Masu shekaru za su tuna a 2001 Ministan Sufuri, Cif Ojo Maduekwe, ya yi ta kiran jama'a su koma hawan keke, har wata bas ta ture shi cikin kwata a nan birnin. In haka ta faru ga Minista yana tafiya sannu, ina ga yaron da zai yi tsere da motoci a hanyar Kubwa?

Haɗari na biyu shi ne batir. Batirin litiyam in ya bugu, ko aka yi masa caji da cajar da ba tasa ba, yakan kama da wuta mai wuyar kashewa. A birnin New York na Amurka, cikin 2023 kaɗai, irin wannan batir ya jawo gobara 268, mutum 18 suka rasu. A London kuwa, daga ƙarshen Maris 2025 an hana shiga jiragen ƙarƙashin ƙasa da keken lantarki in ba mai naɗewa ba ne. To, mu da wutarmu ke hawa da sauka, muna kwana mu biyar ko shida a ɗaki guda mai ƙofa ɗaya, lalle mu muka fi kowa bukatar hattara.

Wannan magana ta shafe ku kai tsaye, 'yan'uwa mazauna Kurmi. Da yawanku a Ikko kun rasa abin yi tun Yuni 2022, sa'ad da Gwamna Sanwo-Olu ya hana acaɓa a ƙananan hukumomi shida, har da Ikeja, Apapa da Surulere. Wani daga Agege, ko Idi-Araba, ko Sabon Badun, zai ga kamar wannan keke shi ne mafita, ko ya saya ya aika wa ƙanensa gida. Kada araha ta ruɗe ku, don araha ba ta ado. Wanda ya zama dole ya saya, ya nemi ƙaramin inji, ya sa birki mai faifai, ya sa hular kwano. Kada ya yi caji yana barci, kada kuma ya ajiye batir a bakin ƙofar fita.

Ga hukuma kuwa, ba sai an yi ta kame-kame ba, don wasu sun riga sun ja layi. A Ingila da ƙasashen Tarayyar Turai, keken lantarki ba ya wuce wat 250, kuma injin yakan daina taimako da an kai kilomita 25 a awa. Abin da ya wuce haka babur ne a idon doka, sai da rajista da lasin. Muna kira ga Ministan Abuja, da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta FRSC, su kafa irin wannan iyaka su kuma bayyana ta a rediyo da Hausa da sauran harsuna. Hukumar SON mai kula da ingancin kaya ita kuma ta tsaya a kan batura da cajoji tun daga tashar jiragen ruwa.

Mun ga abin da ya faru da acaɓa. An bar shi ya yaɗu ba tsari, da ɓarna ta yi yawa sai aka hana shi dare ɗaya, a Abuja a 2006, a Kano a 2013, dubban magidanta suka rasa abinci. Kada a maimaita wannan kuskure da keken lantarki. A tsara shi tun yana ƙarami, talaka ya sami abin hawa, ya kuma koma wa iyalinsa lafiya. In kunne ya ji, jiki ya tsira.