Filin Fasaha: Idan Laftof Ɗinka Ta Daina Magana



Ranar Asabar bayan la'asar wani maƙwabcina a nan unguwar Nasim, gabashin Riyad, ya buga mini ƙofa riƙe da laftof. 'Ya'yansa suna ɗaukar haddar Alƙur'ani ta intanet a wajen wata malama a Kano, kuma saura awa biyu a shiga darasi. Ya ce, "Malam, tunda ka sa mana wannan Linux ɗin ga shi ta kurmance." Gaskiya ni na ba shi shawarar, domin Microsoft ta daina kula da Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025, tsohuwar na'urarsa kuwa ba ta ɗaukar Windows 11. Ke nan mutuncina ne a kan faifai.

Na shafe kusan awa guda ina buga umarni iri-iri, shiru. Can sai ƙaramar 'yarsa da ta biyo shi ta ce, "Baba, ai jiya Yaya ya jona ta da talabijin." Ashe sautin ya maƙale ne a hanyar HDMI, yana zuwa inda babu mai ji. Dannawa ɗaya ta gyara.

Darasin shi ne: a fara da abu mai sauƙi kafin mai wuya. Ga yadda ya kamata a bi.

Na farko, shiga saitin sauti ka duba inda muryar take fita: lasifikar cikin laftof, HDMI, ko wani abin kunne na Bluetooth da aka manta a aljihu. Manhajar pavucontrol tana nuna wannan dalla-dalla.

Na biyu, buɗe tagar umarni ka rubuta alsamixer. Danna F6 ka zaɓi katin sautinka. Duk layin da ka ga MM a ƙarƙashinsa a toshe yake. Matsa kansa ka danna M, zai koma 00.

Na uku, ka sake tayar da manhajar da ke rarraba sauti. Fedora ta koma PipeWire a 2021, Ubuntu ta bi sahu a fitowar 22.10. Idan taka ta zamani ce, rubuta: systemctl --user restart pipewire pipewire-pulse wireplumber

Na huɗu, idan saiti ya nuna "Dummy Output", to tsarin bai ga katin sautin ba sam. A wasu sabbin laftof masu Intel, kunshin firmware-sof-signed ne ya ɓace a Ubuntu ko Mint. Sauke shi, ka kashe ka kunna.

Na biyar, mai Windows da Linux a na'ura ɗaya ya kashe saurin-tashi na Windows, domin yakan bar kayan ciki a rabin barci.

Sai duk waɗannan sun gaza za ka gwada Linux daga filas. Idan can ma shiru, kuma abin kunne mai waya yana aiki, wataƙila lasifikar ce ta mutu. A lokacin ne ya dace ka nufi kasuwar kwamfuta ta Olaya da riyalolinka. Kada ka yi saurin goge komai ka sake zubi. Takardun makaranta da hotunan gida sun fi ƙarfin wannan ganganci.

Yaran dai sun samu darasinsu, ni kuma na koyi tambayar mutanen gida kafin na tambayi na'ura.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.